Yaya Sule da Ɓerayen Ƙasar Sanyi

Wanda ya tarbe ni a filin jirgi ɗan ƙasarmu ne, Dakta Kabiru. Ya riga ni shiga jami'a, mun taɓa zama ɗaki ɗaya, kuma ta hannunsa na samu gurbin karatun. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, domin har yanzu akwai 'ya'yan mutane da ke karatu a can, kuma ba duk mutanenta ne suka cuce ni ba. A gabashin Turai take. Na sauka ana shiga sanyi, ganyen itatuwa duk ya zube, kowa ya dunƙule cikin rigarsa yana sauri, ba mai kallon wani.

Kabiru ya rungume ni, ya karɓi jakata. "Malam Nasiru, kwantar da hankalinka, gida ka zo," in ji shi. A cikin jirgin ƙasa ya yi ta tambayata ko har yanzu ana samun balangu mai kyau a Funtua, ko an gyara hanyar garinmu. Na ba shi kilishi da yajin da Inna ta ƙulla masa, duk da ba ta taɓa ganinsa ba. Masaukin da ya kai ni wani ɗaki ne a ƙarƙashin benen da yake zaune, kusa da tukunyar ɗumama gidan. Tagar daidai take da ƙasa, ba abin da nake gani ta cikinta sai takalman masu wucewa. Ya ce na ɗan lokaci ne. A nan na zauna har na bar ƙasar.

Kafin na tafi, malami ne ni a wata kwalejin koyon aikin lafiya. Gidanmu a wani ƙauye yake tsakanin Malumfashi da Funtua, noman masara da dawa da waken suya muka gada. Babanmu ya rasu tun ina sakandare, ya bar Inna da mu uku: Yaya Sule, ni, sai ƙanwata Hauwa. Saboda Yaya Sule na nemi wannan karatu.

Ya girme ni sosai, amma hankalinsa bai wuce na yaro ba. Doguwar fuska gare shi da manyan kunnuwa, kuma ba ya iya haɗa ido da mutum. In zai gaishe ka sai ya miƙo hannu ya kau da kai. Mutum ne mai son aiki. Shi ke kiwon awakin Inna, in aka zube masa masara zai wuni yana ɓara bai ce ya gaji ba. Abu ɗaya ne ba ya jurewa, ƙara. In aka tada injin niƙa kusa da shi sai ya toshe kunnuwa ya kama ihu, yana cizon bayan hannunsa har jini ya fito, wani lokacin ya zube farfaɗiya ta kama shi. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sangarta ce, Inna ce ta lalata shi. Ni kuwa tun ina jami'a na lura ƙanen Inna, marigayi Kawu Bala, shi ma haka yake, har fuskar. Na yi ta karatu har na gane akwai wata nakasar ƙwaƙwalwa da ake gado ta wajen uwa, wadda ta fi bayyana a 'ya'ya maza. Da Kabiru ya ce min Farfesansa a kanta yake bincike, da ɓerayen da aka sauya wa ƙwayar halitta suka zama masu irin ciwon, ban tsaya shawara da kowa ba. A wajen Inna kuwa zancen gajere ne: Nasiru ya tafi samo wa Sule magani.

Sai da na je ofishin ɗalibai neman katin shaida na gane an yaudare ni. Matar da ke wurin ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, ta ce babu sunana cikin masu digiri na uku. An rubuta ni ne a baƙo mai koyon aiki, kuma izinin zamana a hannun Farfesa yake, ranar da ya sallame ni ranar zan tattara kayana. Na samu Kabiru a ɗakin shan shayi na faɗa masa. Ko kofin bai ajiye ba.

"Kowa da haka ya fara, Malam Nasiru. In ka nuna ƙwazo za a yi maka rajista."

"Amma ba haka ka ce min ba."

"Da na faɗa maka, za ka zo?"

Daga baya na ji dalili. Shi ne ya daɗe yana aikin ɓeraye a ƙasan ginin binciken, Farfesa ya ce ba zai hau sama ɗakin gwaje-gwaje ba sai ya kawo wanda zai gaje shi. 'Yan ƙasar ba sa daɗewa a wannan aikin. Sai ya tuna da ni.

Gidan ɓerayen ba shi da taga, fitila ce ke yi musu dare da rana. Kafin ka shiga sai ka sa rigar takarda da hula da safar hannu, don kada ka kai musu cuta. Ni da na taso ina bin ɓera da sanda a rumbu, ga ni ina canza musu shimfiɗa, ina zuba musu abinci, ina duba ko sun tashi lafiya. Wata tsohuwa ce ke kula da wurin, sunanta Zofiya. Turancinta kaɗan ne, ni kuma ba na jin yarensu. Ita ta koya min kama ɓera ta fatar wuya ba tare da ya cije ni ba. Ran da ta ga na shigo ina karkarwa cikin 'yar rigar sanyin da na saya a Kano, washegari sai ga ta da ƙatuwar rigar mijinta da ya mutu. Ta yi min yawa, amma ita ta fitar da ni daga wannan hunturun. In ta kawo min miya, sai ta nuna kwanon ta yi kukan kaza, don in san ba alade ba ne.

Can ƙuryar gidan akwai wani ƙaramin ɗaki mai kaurin bango, suna kiransa ɗakin ƙararrawa. Aikin da aka kawo ni dominsa ke nan. Akwatin gilashi ne, an ɗaura masa jiniya mai tsananin ƙara a murfi. Sai in toshe kunnuwana, in ɗauko ɗan ɓeran da bai daɗe da barin nono ba, in saka shi, in danna. Lafiyayyen ɓera zai zabura ya ruga lungu ya lafe, in an jima ya ci gaba da shinshine-shinshinensa. Mai ciwon kuwa sai ya tsaya cak, sannan ya kwasa da gudu, yana kewaya akwatin, yana tsalle, yana karo da gilashi. Daga nan ya faɗi gefe yana shure-shure, ƙafafun baya su miƙe, numfashi ya tsaya. Aikina in zauna in kalla, in danna wa kwamfuta matakin da kowanne ya kai.

Ranar farko, da na ga ɗaya ya fara wannan gudun, ban san lokacin da hannuna ya kashe jiniyar ba. Kabiru yana tsaye a bayana. Kafin azahar Farfesa ya aiko kirana. Dogo ne siriri mai furfura, kuma duk zamana ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"An ce ka kashe ƙararrawa."

"Yallaɓai, ya riga ya nuna alamar. Na ga ba sai ya kai ga mutuwa ba."

"Ka ɓata min ɓera guda, kuma samunsa ya fi samun irinka wuya. In zuciyarka ba za ta ɗauka ba, kullum akwai jirgi mai zuwa Afirka."

Ban sake kashewa ba. Na koyi zama in kalla har ƙarshe. Abin da na kasa koya shi ne cin abinci bayan na fito. Na rame har Zofiya ta riƙa kama damtsena tana girgiza kai.

Da sanyi ya wuce, wata ɗaliba ta tafi haihuwa aka rasa hannu a sama, sai Farfesa ya ce in riƙa hawa bayan na gama da ƙasa. A nan na ga abin da ya kawo ni. Ana cire ƙwaƙwalwar ɓera a yanka ta falle-falle kamar fatar albasa, a ajiye cikin wani ruwa da ke riƙe ta da rai na ɗan lokaci. Sai ka duba ta madubin ƙara girma, ka lallaɓa da wata allurar gilashi da ta fi gashi siranta har ka taɓa ƙwaya ɗaya tak, ka saurari saƙon da 'yan uwanta ke aiko mata. Saƙon iri biyu ne, wani na cewa tashi, wani na cewa tsaya. Direba zai ce totur da birki. Mu na birkin muke aunawa. A allon kwamfuta yana fitowa kamar ƙananan haƙora a kan layi. A ƙwaƙwalwar lafiyayyen ɓera suna zuwa a jere, manya-manya. A ta mai ciwon sai ka jira, ka ƙara jira, sannan ɗaya ya leƙo, ɗan mitsitsi. Birkin yana nan, amma ba ya ci. Shi ya sa in ƙara ta shiga babu abin da zai tare ta, sai ta bi ƙwaƙwalwar gaba ɗaya kamar wuta a busasshen kara.

Ran da na fara gani da idona na daɗe zaune ban motsa ba. Tun muna yara ake daka wa Yaya Sule tsawa ya yi shiru, har da masu kai masa duka, ashe abin da zai tsayar da shi ne ya yi rauni tun daga ciki.

Duk Juma'a Hauwa ke zuwa daga gidan mijinta ta kai wa Inna waya. Tambayar ɗaya ce kullum.

"Nasiru, ana samun maganin kuwa?"

"Ana kan hanya, Inna."

Akwai wani magani da muke yi wa ɓerayen allurarsa, mai ƙara wa birkin ƙarfi, kuma da yawansu sai su zauna a akwatin har jiniya ta gama ba su faɗi ba. Amma Kabiru ya faɗa min an sha gwada irinsa a kan mutane, ba a samu abin da ake fata ba. Wannan ban faɗa wa Inna ba. Wani lokacin Yaya Sule ya fizge wayar ya yi ta maimaita min labari ɗaya, jar akuya ta haihu, jar akuya ta haihu, yana dariya. In an kashe wayar sai in zauna a bakin gado ina kallon takalman mutane.

Cikin murnar abin da na gani a sama na yi ƙarfin hali na samu Farfesa, na ce ina da wa mai irin alamomin nan. Na nuna masa wani bidiyo da na ɗauka a tsakar gidanmu kafin in taho, ran da maƙwabta suka kawo injin casar masara. Ranar ya fara ba ni kujera. Ya kalla har ƙarshe, ya yi ta tambaya game da dangin Inna.

"Turo min," in ji shi. "Zan nuna wa wani abokina likita. Batun rajistarka kuma za mu duba bayan taron masu ba mu tallafi. Kai ma za ka je. Ka sa kayan ƙasarku."

A babban birninsu aka yi taron, a zauren wani otal, da rana, ana cin abinci. Na sa shaddar da Inna ta ɗinka min da hula, aka zaunar da ni a teburin gaba tsakanin attajirai. Farfesa ya yi bayanin ɓeraye, ya nuna haƙoran nan na kan layi, manya da ƙanana. Sai aka rage fitilu.

Yaya Sule ya bayyana a allon majigi mai girman bango, da yagaggiyar singileti, ihunsa na fita ta lasifikoki ta ko'ina, yana cizon hannunsa. Ga Inna a bayansa da ɗaurin ƙirji, ɗankwalinta ya zame, tana ƙoƙarin riƙe shi. Inna da ko ƙofar gida ba ta leƙawa ba mayafi, ga ta a gaban ɗaruruwan baƙi, cokula a hannunsu.

"Wannan mutum yana zaune a wani ƙauye da babu likita," in ji Farfesa a hankali. "A can suna ɗaure irinsa a jikin itace, suna cewa aljanu ne. Ƙanensa na ɗauko na kawo nan, yana aiki tare da mu. Nasiru, miƙe su gan ka."

Na miƙe. Ban san abin da ya sa na miƙe ba. Suka yi ta tafi. Da aka tashi wata mata mai sarƙar zinariya ta riƙe hannuna tana hawaye, ta tambaye ni ko igiyar ba ta ji masa ciwo. Ba a taɓa ɗaure Yaya Sule ba, ko sau ɗaya.

A bakin ƙofa na tare Farfesa na ce bai nemi izinina ba.

"Kai ka turo min," ya ce yana sa safar hannunsa. "Kuma yau ɗan uwanka ya yi wa binciken nan amfanin da kai ba ka taɓa yi ba."

Kabiru ya ja ni gefe yana raɗa min in rufa wa kaina asiri, rajista ta kusa. Rajistar ba ta zo ba. Duk lokacin da na tambaya sai a ce kwamiti bai zauna ba.

Lokacin kaka ne a gida, ana shirin yankan dawa, ran da na fito daga ɗakin ƙararrawa na tarar Hauwa ta yi ta kirana. Ba Juma'a ba ce. Na kira, ta ɗauka, muryarta a dushe.

"Yaya Nasiru, sai haƙuri. Yaya Sule ya rasu."

Ta ce jiya da rana 'yan bindiga suka shigo ƙauyen a kan babura, mutane suka watse cikin gonaki, farfaɗiya ta kama shi a can bai tashi ba. An binne shi da safe. Na ce ta ba Inna, ta ce Inna ba ta magana.

A ƙasa na zauna tsakanin kejin ɓeraye. Zofiya ta same ni a haka. Ta durƙusa da ƙyar da gwiwoyinta masu ciwo, ta ɗora hannu a kafaɗata tana wasu maganganu da yarensu. Mun daɗe a haka.

Na hau sama na roƙi Farfesa ya ba ni 'yan makonni in je in ga mahaifiyata. Ya ce yana yi min ta'aziyya. Sannan ya ce akwai ɓerayen da suka kai daidai lokacin gwaji, in aka bari suka girma an yi asararsu, kuma babu mai yin aikin ƙararrawa sai ni.

"Ka ce an riga an binne shi. Me za ka je ka yi?"

"Uwata zan gani, yallaɓai."

"In ka tafi yanzu, ba zan iya riƙe maka wuri ba." Ya ɗan yi tunani. "Amma in ka nace, akwai abin da za ka yi mana. Ka samo min jinin mahaifiyarka da na ƙanwarka. Abin takaici ne da ba a ɗebi nasa ba."

Na tuɓe rigar aiki na ajiye a kan teburinsa na fita.

Kabiru bai raka ni tasha ba, amma ya sauko ɗakina da wata jaka ya ce don Allah in kai wa mahaifiyarsa a Funtua. Yana tsaye a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce, "Malam Nasiru, a cikin ɗalibanka babu wani mai ƙwazo da ke son karatu a waje?" Na dube shi har ya kau da kai. Jakar dai na kai ta, tsohuwarsa ba ta yi min laifi ba. Zofiya ce ta raka ni jirgin ƙasa, ta tura min burodi da dafaffen ƙwai a aljihu. Na so in mayar mata da rigar mijinta, ta ture hannuna.

Daga Kano na shiga mota zuwa Malumfashi, daga nan na hau babur. Ɗan acaɓan bai yarda ya kai ni har gida ba, a bakin rafi ya sauke ni ya juya. Rabin gidajen ƙauyen a rufe suke, dawa ta nuna tana tsaye a gonaki ba mai yanka. Waɗanda suka rage suka yi ta zuwa gaisuwa suna ce min Dakta. Ban gyara musu ba. Inna ta amsa gaisuwata, ta ce in ci abinci, ba ta ƙara komai ba. Ta koma kamar ba ita ba.

Hauwa ce ta ja ni bayan rumbu, ta ce akwai abin da ba a faɗa a waya. Ranar ta zo gida da 'ya'yanta. Da aka ji babura da harbi, ita da yaran da Inna da Yaya Sule da maƙwabcinmu Baba Ado da iyalinsa suka shige gonar dawa suka kwanta. 'Yan bindigar suna bin gefen gonar suna harbi sama don a fito. Yaya Sule ya toshe kunnuwa ya kama ihu, yana neman miƙewa ya ruga. Baba Ado ya danne shi, ya toshe masa baki da hanci da rawaninsa. Har suka gama kwasar shanu da mutanen da suka samu suka tafi, bai ɗaga ba. Da ya ɗaga, Yaya Sule ba ya numfashi.

"Kowa ya sani," in ji Hauwa, "amma farfaɗiya ake cewa."

Baba Ado shi ne ke yi wa Yaya Sule aski tun yana yaro, don ba ya yarda da hannun kowa sai nasa. Ran da na iso bai zo gaisuwa ba. Na kwana biyu ina jin in na gan shi ban san abin da zan yi ba.

Wata safiya ina zaune a zaure ya yi sallama. Ya tsufa lokaci ɗaya, riga ta yi masa yawa. Bai hau tabarma ba, a ƙasa ya tsuguna kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Muka gaisa, ya yi min ta'aziyya, na amsa.

"Dakta," ya ce, "an ce wannan ciwon na Sule ka je ka karanta."

"Haka ne, Baba."

"To, don girman Allah ka faɗa min gaskiya. Na yi masa magana, na ce Sule yi shiru, ni ne Ado. Bai ji ba. Da na ƙara haƙuri kaɗan, da na ci gaba da lallashinsa, zai yi shiru?"

Na dube shi. Kalma ɗaya ce tsakanina da shi. In na ce e, na san ba zai ƙara samun barci ba har ya mutu, kuma wallahi a lokacin zuciyata ta so haka. Amma na zauna gaban akwatin nan sau ba adadi, na san amsar fiye da yadda na san komai a duniya.

"Ba zai yi ba, Baba. Muddin ana harbin, ba zai iya ba. Ba ƙi ya yi ba. Abin da ke tsayar da mutum ne ba shi da ƙarfi a kansa. Ko wa ya lallashe shi, ba zai tsaya ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kuka ba sauti. Da ya samu kansa sai ya share fuska da gefen riga.

"Ka shiga ka faɗa wa mahaifiyarka haka," ya ce. "Ni ba na iya haɗa ido da ita."

Ya tashi ya fita. Na shiga cikin gida. Inna tana zaune a bayan zanan da ke jikin zauren, da faifan wake a cinyarta, ba ta tsinci ko ɗaya ba. Na durƙusa na fara magana, ta ɗaga min hannu.

"Na ji ku," ta ce. "Hauwa ba ta faɗa maka duka ba. Ado bakin ya riƙe. Ƙafafun ni na riƙe. 'Ya'yan Hauwa suna kwance a bayana."

Ta ajiye faifan a ƙasa, ta juyo ta dube ni, karo na farko tun da na dawo.

"Abin da ka faɗa masa, sake faɗa min. A hankali."

Na zauna kusa da ita a ƙasa, na sake faɗa mata tun daga farko.